Tsallaken Firintar Malam Lado

Firintar Malam Lado ta girmi rabin matan auren Karaye, kuma ta fi su duka kaifin murya. In ta fara aiki, mai shayin tsallaken titi sai ya karkato da kunne kafin ya ji ko baƙi ake so ko mai madara. Ƙiii, ƙiii, layi bayan layi, tana jan doguwar takardar nan mai huji-huji a gefe, wadda take ninke a kwali ba ta yankewa. Wani aikin gona da ya daɗe da watsewa ne ya bar masa ita, haɗe da kwamfutarta mai baƙin allo da koren rubutu, tun lokacin yana yi musu aikin buga takardu. Shekara ashirin da ɗoriya da ita yake buga wa Ƙungiyar Manoman Rani ta Bakin Dam jerin ban ruwa: wane Litinin da safe, wane Litinin da la'asar, har mutum arba'in da biyu. Wanda sunansa ke jerin, inji zai tura wa gonarsa ruwa. Wanda babu shi, sai ya zauna ya zuba ido tumatirinsa ya zama kauɗa tun a gona.

Malam Lado ya rasu wata Alhamis. Aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in, kowa ya kama gabansa. Firinta tana nan a ɗan ofishin ƙungiya, lulluɓe da tsohon zanen gado, ba wanda ya kusance ta.

Ɗansa na fari, Zaharaddini, gyaran waya yake yi a Rogo Sabon Gari. Irin samarin nan ne da in ka kai masa waya da fasasshen gilashi zai tambaye ka ko da ita kake daka yaji. Bakinsa ba ya hutu. Amma tun rasuwar nan, in ya yi barkwanci sai ka ga dariyar ta tsaya a wuyansa, wasu ne ke ƙarasa masa ita. Yana da kadada guda a bakin dam, tumatir ya dasa bana, har ya fara tsayawa da ƙafarsa.

Ranar Laraba da hantsi Baba Maikuɗi, shugaban ƙungiya kuma aminin marigayi, ya sa aka kira shi. Suka gaisa, aka sake yi wa juna gaisuwar rashi, aka tambayi mahaifiyarsa Inna Adama da haƙuri, aka tambayi mutanen Rogo.

"To ɗana," in ji Baba Maikuɗi, "jibi Juma'a bayan an sauko masallaci za mu kafe jerin bana. Mahaifinka ya gama shirya shi a cikin na'urar nan kafin ya kwanta. Bugawa kawai ya rage, kuma duk cikinmu ba mai iya ko kunna ta."

"Baba, ai wannan ba kunnawa ake yi ba, tayarwa ake yi. Sai an yi mata sallama an tambaye ta jikoki."

"Kai dai ka san ta. Amma ka ji sharaɗi. Tunda Lado ba ya nan, kwamiti ya yanke cewa bana ba rubutun hannu. Abin da inji ya buga shi ne jeri. Ko sunan wa aka ƙara da biro, ba ruwa. Ba ma son rigima."

Zaharaddini ya ce to, ya karɓi mukulli. Amma kalmar biron nan ta sauka masa a ƙirji kamar dutse.

Ga dalili. Shekara huɗu ke nan da aka yanka masa gonar, kuma duk shekara in aka kafe jeri a jikin ɗakin inji, sunan kowa bugagge ne reras, ban da nasa. Nasa da biro yake, a lamba ta goma sha bakwai, wani rubutu mai karkata kamar kaza ta bi ta kan laka. Abokansa har suna suka sa masa, Ɗan Biro. Yana dariya tare da su, yana ramawa ninki biyu, amma abin yana cinsa. A ce ubanka ne mai buga jerin, ya tuna da mutum arba'in da ɗaya, ya manta da kai, sai daga baya wani ya ji tausayi ya cusa ka?

Ranar Lahadin ƙarshe da ya ga mahaifinsa da rai, a zaure, maganar ta kufce masa. Malam Lado yana yi masa faɗan ya bar gona a hannun ɗan ƙwadago ya tare a Rogo. Shi kuwa ya ce, "Baba, gonar da ko sunana ba ka iya bugawa a kanta? Ni ai ɗan cushe ne." Malam Lado ya dube shi, ya ɗauki butarsa, ya shige gida. Kwana huɗu bayan nan aka kira Zaharaddini a waya aka ce ya taho.

Badaru mai kula da injin ban ruwa ne ya tayar masa da janareta. Mutum ne mai gemu da 'ya'ya shida, amma in labari ya shiga kunnensa da safe, kafin azahar ya kai Kafin Dafga ya dawo. Ya biyo shi ofis ya tsaya a bakin ƙofa, wai yana shan iska.

Ofishin yana warin taki da turaren marigayi. Kujerarsa tana nan da lotsawar zamansa. Hularsa ta aiki tana rataye a ƙusa. Zaharaddini ya yaye zanen gadon, ya kunna kwamfuta. Ta yi tari, ta yi gurnani, sannan ta tambaye shi kwanan wata, don batirin agogonta ya mutu tun tuni, kullum sai an gaya mata. Ya gaya mata. Ya nemo fayil ɗin bana ya buɗe.

Na sha biyar, Abdulmutalib. Na sha shida, Muhammad Auwal. Na sha takwas, Abubakar Sadiq.

Sha shida, sha takwas, manne da juna, ko tsinke ba zai shiga tsakaninsu ba. Ya sa yatsa a jikin allon ya sake bi. Babu sha bakwai.

"Lafiya dai?" in ji Badaru.

"Lafiya lau. Ina gaisawa da kakata ne."

Ya danna bugu. Firinta ta ɗauka da ƙiii ɗinta, takarda tana hawa. Ɗaya, biyu, uku. Ƙurar ribin ɗin tawada tana tashi cikin hasken ƙofa. Sha biyar. Sha shida. Sai ta yi shiru. Ta yi wata 'yar ƙara siririya, fiit, kamar an taka ɗan tsako. Sannan takardar ta zabura sama ita kaɗai, shuu, ba tare da an buga ko ɗigo ba, ta ci gaba da na sha takwas kamar ba abin da ya faru.

Badaru ya ja da baya taku biyu. "Innalillahi. Kai, me ta ce?"

"Cewa ta yi ka fita ka ba ta wuri."

Ya yage takardar ya duba. Tsakanin sha shida da sha takwas fili ne fari fes, faɗin yatsa biyu. A allo babu fili. A takarda ga shi. Ya sake bugawa. Fiit, shuu. Ya kashe komai, ya zare waya, ya hura, ya mayar, ya sake gaya mata kwanan wata. Fiit, shuu. Sau biyar, a wuri ɗaya, faɗi ɗaya. Da rana tsaka ce, ana jin masu babur suna hon a titi, amma gashin hannunsa ya miƙe tsaye. Ya ga kamar lotsawar kujerar nan ta ƙara zurfi.

"Ba naka ne gurbin ba?" Badaru ya tambaya da ƙaramar murya. "Kai, Zaharaddini, kun rabu lafiya kuwa da tsohon nan?"

Zaharaddini ya naɗe takardun ya cusa a aljihu, ya rufe ofis.

Kafin la'asar labari ya gama gari. Wai firintar Malam Lado tana kuka in ta zo kan sunan ɗansa. Wai tsallake shi take yi kamar mai tsallake kwata. Wata tsohuwa a bakin famfo ta ce ita ta san za a rina, mamaci in yana da magana ba ya rasa bakin faɗarta. Mai shayi ya ce shi dama tun arba'in yake jin motsi a ofishin. Ƙarya yake yi, ɓeraye ne, amma wa zai tsaya bincike?

A gida Inna Adama tana tsince wake a faranti. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya daɗe a durƙushe.

"Inna, Baba ya ce wani abu a kaina kafin ya cika?"

Ba ta ɗago ba. "Me zai ce?"

"Ko mene ne."

"Ya ce a gaya wa mutumin Rogo ya duba bututun gefen gabas, yana yoyo."

Mutumin Rogo. Haka suke kiransa, ita da marigayi. Kafin ya koma Rogo kuwa, wancan, ko babban, ko kai. Gidansu tushen Fulani ne, kunyar ɗan fari a wurinsu ba wasa ba ce, tunda aka raɗa masa suna bai taɓa jin sa a bakin ɗayansu ba. Wannan ya sani, bai taɓa damunsa ba. Amma bututu? Mutum yana gaɓar tafiya, ɗansa ya gaya masa baƙar magana, abin da zai bari shi ne bututu?

Abu ne mai sauƙi ya koma ofis ya buga sunansa da yatsunsa, minti ɗaya ya isa. Ya san haka. Amma duk sanda ya hango kansa yana yi sai ya fasa. In tsohon ya cire shi ne da gangan, bayan maganar ranar Lahadi, to shi ba zai cusa kansa ta bayan kabari ba. Gara tumatirin ya ƙone. Gara a ba wani gonar.

Da safiyar Alhamis ya nemi ɗan acaɓa ya ɗaukar masa na'urorin zuwa Rogo. Na farko ya ce tayarsa ba iska. Na biyu ya leƙa ya ga abin da ke cikin zanen gado, ya ce shi yau azumi yake yi, ba ya ɗaukar kaya masu magana. Dole Zaharaddini ya ɗaure kwamfuta da firinta a bayan nasa babur ɗin da igiyar roba, kwalin takarda a kan tanki. Duk ramin da ya faɗa sai firintar ta yi ƙwaram a bayansa, shi kuwa sai ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya," rabi wasa, rabi ba wasa ba.

Wurin Rumasa'u ya nufa, 'yar ƙanwar mahaifinsa, taubashiyarsa. Tana koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata, tana kuma da ɗan shagon buga takardu a ƙofar gidan mijinta. Da ta hango shi yana sauke kaya ta tafa hannu.

"A'a! Bawana ya koma gwangwan? Mu nan ba ma sayen tsohon ƙarfe."

"Baiwa ba ta da kunya. Tsohuwar malamarku na kawo miki, ki gaishe ta."

Sai ta gane zanen gadon. Dariyar ta ɗauke. "Ta Kawu ce?"

"Ita ce."

Ya ba ta labari, yana yi yana sa barkwanci a inda ya ji muryarsa za ta karye. Ba ta katse shi ba. Suka jona wayoyi, ya buga mata ta gani da idonta. Fiit, shuu. Ita ma sai da ta ɗan ja kujerarta baya.

"To fa," ta ce. "Amma tsaya. Inji ba ya tsalle don ra'ayin kansa. Wani ne ya ce masa ya yi."

"Abin da mutanen Karaye ke faɗa ke nan."

"Kai dalla rufe mana baki. Ba irin wannan ba."

Ta ɗaga murfin firintar tana dubawa. A ƙasan farantin da takarda ke bi, sai ga wani ɗan littafi a maƙale, bangonsa ya yi laushi don shafa. Littafin firintar ne, da Turanci, amma gefen shafukan cike da rubutun fensir na Malam Lado, ƙanana, a tsaye kamar sojoji. Wani wuri da boko, wani da ajami. Ta yi ta buɗawa har ta zo shafin da ya fi kowanne baƙi da yatsa.

"Zo ka gani, jahili. Irin waɗannan tsofaffin, ba linzami ake ja musu a nuna musu tazara ba. A cikin rubutun ake binne umarnin. Akwai baƙaƙen da ido ba ya gani a allo, firinta kaɗai ke jin su. Goma, sauka layi ɗaya. Sha biyu, tsallaka sabon shafi. Bakwai, buga ƙararrawa."

"Ƙararrawa?"

"Fiit ɗinka ke nan. Aljanin naka lamba bakwai ne."

Ta danna wasu maɓallai, jerin sunayen ya juye ya zama lambobi zalla, tsibi-tsibi. Ta bi da kan biro har ƙarshen sunan Muhammad Auwal. "Ga su nan. Bakwai. Sannan ashirin da bakwai, saba'in da huɗu, ɗari da takwas." Ta duba littafin. "Ashirin da bakwai yana nufin, ke firinta, buɗe kunne, abin da ke tafe ba rubutu ba ne, umarni ne. Saba'in da huɗu, ja takarda sama. Na ƙarshen shi ne nawa za ta ja. Ita inci ɗaya kashi ɗari biyu da sha shida take raba shi. Layi guda talatin da shida ne. Ɗari da takwas ke nan layi nawa, mai gyaran waya?"

"Uku."

"Ashe ana taɓa karatu."

Zaharaddini ya zauna a kan benci. Wani sanyi ya ratsa shi, ba irin na jiya ba, wanda ya fi shi muni. "To ai gara a ce aljani ne, Rumasa'u. Yanzu kin tabbatar min da hannunsa ya yi. Ya zauna, ya buɗe littafi, ya ƙirga, don dai a tsallake ni."

"Kai fa ɗan fari ne."

"Na sani. Kunya a baki take. Ina ruwan yatsa da kunya? Kibod ne fa, ba kunne gare shi ba."

"A wurinka. Kai ka taɓa ganin Kawu ya rubuta sunanka? Ko a bayan littafin makaranta?"

Ya tuna takardar shiga firamare, ƙanin babansa ne ya cike. Ya tuna wayar marigayi, lambarsa a ciki ba suna, ɗigo uku kawai.

"Wannan da ne," ya ce. "Ni bana nake magana. Bayan abin da na gaya masa."

Rumasa'u ta fita daga fayil ɗin bana, ta buɗe na bara, ta juya shi lambobi. Bakwai, ashirin da bakwai, saba'in da huɗu, saba'in da biyu. Ta buɗe na bara waccan. Saba'in da biyu. Na shekarar da aka ba shi gona, saba'in da biyu. Na kafin nan babu komai, sha shida, sha bakwai wani ne daban, sha takwas.

"Ka gani? Tun ranar da ka shiga jeri yake buɗa maka layi biyu. Kowa layi ɗaya, kai biyu, don rubutun hannu ya fi na inji cin wuri. Ƙararrawar kuma don kada ya sha'afa ya kafe takarda ba a cike ba. Ba mantuwa ba ce, Zahar. Wanda ya manta ba ya aunawa da rula." Ta juyo masa da littafin. A gefen shafin an zana 'yan layuka biyu da fensir, an rubuta 72 a tsakaninsu. A ƙasa an zana wasu, sun fi faɗi, an rubuta 108. Fensirin na biyun ya fi baƙi, bai gama shafewa ba.

"Me ya sa ya ƙara?"

"Wannan kuma ban sani ba. Amma bari mu ga yaushe." Ta fito da jerin fayil-fayil, kowanne da ranar da aka taɓa shi a ƙarshe. Ta sa kan biro a na bana. Ta ƙirga da yatsu, ta duba kalandar bango, ta sake ƙirgawa. "Talata ce. Yaushe kuka yi maganar?"

"Lahadi."

"Ya rasu?"

"Alhamis."

"Kuma ka ce kullum da hannunsa yake gaya mata kwanan wata. Kawu kuwa ko sallar nafila ba ya kuskuren lokacinta."

Fankar kwamfutar tana huci. Zaharaddini ya kafe lambar da ido. Talata. Ranar da Inna ta ce zazzaɓin ya fara kama shi. Wato ya taso da zazzaɓi, ya tako har ofis, ya sa Badaru ya tayar da janareta, ya zauna a kujerar nan da maganar ɗan cushe a kunnensa, ya goge saba'in da biyu ya buga ɗari da takwas.

Ya sunkuyar da kai ya daɗe. Rumasa'u ta juya tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Can ya share fuska da hannun riga.

"Ƙurar ribin ɗin nan ba ta da kirki."

"Ƙwarai kuwa. Ta sha sa manyan maza hawaye." Ta ja kibod gabanta. "To yanzu sai a goge lambobin nan huɗu, a buga sunanka, a wuce wurin. Jerinka ya zama kamar na kowa."

"Kar ki goge."

"Kai, an ce maka ba biro bana."

"Na ji. Amma kar ki goge masa."

Ta dube shi, ta dubi littafin, ta ciji leɓe. Sannan ta ɗauki fensir ta yi ɗan lissafi a bayan wata takarda. "To ji. Ɗari da takwas, talatin da shida sau uku ne. Mu ce ta ja talatin da shida, ta buga suna, sunan ya ci nasa talatin da shidan, ta sake jan talatin da shida. Filin yana nan yadda ya auna shi, ko gashi bai ragu ba. Kai kuma kana tsakiya."

"Za ta yarda?"

"Tambaye ta mana, ba kakarka ba ce?"

Ta shirya lambobin, ta bar gurbin sunan, ta turo masa kibod. "Ni ba zan buga ba. Baiwa ba ta rubuta sunan bawa."

Mutumin da yake kwance wayar da ta fi tafin hannu ƙanƙanta ba tare da ya yi kuskure ba, sai ga shi yana neman baƙaƙen sunansa ɗaya-ɗaya da yatsa guda, kamar ɗan aji ɗaya. Maɓallan sun sha hannu, rabin baƙaƙen sun goge. Na farkon sunansa kuwa yana nan sabo fil, kamar ba a taɓa danna shi ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ofishin ƙungiya ya cika har waje. Rabin mutanen ba su da ko taki ɗaya a bakin dam, kallo ya kawo su. Badaru yana gaba-gaba, ya riga ya gaya wa kowa inda zai saurara. Zaharaddini ya miƙa wa Baba Maikuɗi takardar da hannu biyu.

Tsohon ya sa tabarau, ya kai takardar kusa da hanci, ya nisanta ta, ya sake kusantowa. Yatsansa ya gangara ya tsaya a tsakiyar filin.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe ya ƙara ɗin."

"Baba, ka san da maganar?"

"Ni da nake rubutawa? Duk shekara nan yake kawo min. Bara na ce masa, Lado, idona ya tafi, wurin nan ya yi min kaɗan, sai na yi ta matse baƙaƙe kamar mai ɗura gero a kwalba. Ya ce zai duba." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Kai kuma da ka zo ka tambaye ni tun shekaranjiya, da ba ka kai ta Rogo yawon asibiti ba."

"Wato rubutun kazar nan naka ne, Baba?"

"Ungo naka, ɗan banza." Aka fashe da dariya, har da masu kallo.

Zaharaddini ya matso, ya rage murya. "In ya kawo, me yake cewa?"

"Ba ya cewa komai. Ya aza yatsa a wurin, ya miƙo min biro, ya je can bakin taga ya juya baya. Ba ya juyowa sai ya ji na rufe biron."

Baba Maikuɗi ya buga hatimi, ya sa hannu, ya gyara murya ya fara kiran suna kamar yadda aka saba, kowa yana amsawa ana gaya masa ranarsa. Abdulmutalib, na'am, Litinin da la'asar. Muhammad Auwal, na'am, Talata da safe.

"Na sha bakwai. Zaharaddini Lado. Talata da hantsi."

Mutane suka juyo suna jiran abin da zai ce, don ba a taɓa kiransa a taro bai mayar da wata ba. Shi kuwa idonsa yana kan taga. Ba kowa a wurin, sai hasken rana da igiyar labule tana lilo. Duk da haka sai da ya sassauta murya, yadda ake yi in babba yana kusa.

"Na'am," ya ce.